Sanarwa Ga Ƙwarin Goron Babana

A gidanmu na Agege, ɗakin da ya fi kowanne daraja ba mutum ne ke kwana a cikinsa ba. Goro ne. Shi aka gina a ƙarƙashin inuwar mangwaro, shi aka yi wa daɓen siminti tun muna shimfiɗa tabarma a kan ƙasa, kuma idan aka yi ruwa mai ƙarfi rufinsa ake fara dubawa kafin a tambaye mu ko mun jiƙe. Ban taɓa jin haushin haka ba, don ina son ɗakin. Idan na sauka daga jirgin ƙasa na yamma, na dawo daga makarantarmu ta Ebute Metta, kafin in tuɓe kayan makaranta nakan shiga in tsaya a cikin sanyinsa, in shaƙi ƙanshin ɗanyen ganyen fita da ake naɗe goro da shi. Huhunan na jere cikin duhu-duhu kamar baƙin da suka sha tafiya, barci ya kwashe su a zaune.

Fataucin goro Babana yake yi. Yana saye a gonakin Yarabawa na bayan gari, a wanke, a zaɓe, a ɗaure huhu-huhu, a loda a tarago zuwa Kano. A Ikko aka haife shi, a Ikko aka haifi uwarsa, kuma ƙafarsa ba ta taɓa taka Kano ba. Amma babu abin da ya dame shi a duniya kamar abin da ake faɗa a kansa a can.

Mai kawo masa labarin wani dattijo ne Bakano, mai rakiyar kaya. Aikinsa ya shiga tarago tare da goron, yana yayyafa masa ruwa a hanya har a isa, sannan ya dawo. Mutum ne marar gaggawa. Sai ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya sakace haƙori, kafin ya buɗe baki.

Wata dawowa da ya yi, ina kai masa ruwa a zaure na ji ya ce, "Maigida, an sa maka suna a kasuwa."

Baba ya gyara zama, fuskarsa ta washe. "Wane suna, Malam?"

"Mai sankara."

Wanda ya tashi a gidan goro ya san nauyin wannan kalma. Wani ɗan ƙwaro ne mai dogon baki yake huda goro ya zuba ƙwai, tsutsa ta zauna a ciki tana ci. Daga waje goro na sheƙi, sai ka ɓare ka tarar da baƙin gari.

"Har wani ya ce," in ji dattijon, yana kallon tsinken hannunsa, "wai an sauke huhunka a tasha, kafin ɗan dako ya iso huhun ya kama hanyar kasuwa da ƙafarsa. An yi dariya ƙwarai. Ni ma na ɗan yi, kada a ce ina da hannu."

Ran nan Baba bai ci abinci ba. Ya ce suna irin wannan idan ya kama mutum har jikokinsa yake bi, wata rana za a nuna ni a ce ga 'yar mai sankara. Ga kayan Sallah a ɗaki, mafi yawan da ya taɓa tarawa, jan goro zalla, manya-manya irin marsa da goriya, an riga an kama masa tarago. Idan wannan ma ya isa Kano da tsutsa, sunan ya zauna kenan.

A nan ne amininsa ya shigo maganar. Tsohon kuku ne a jirgin ruwa, ya bar aiki ya dawo unguwarmu, amma har lokacin tafiyarsa tafiyar mai tsoron kada ƙasa ta karkata ce. Kuku kowa ke ce masa. Duk abin da ya faru a tudu, ya taɓa ganin wanda ya fi shi a teku.

"Oga, wannan ai ba magana ba ce," in ji shi. "A jirgi idan ɓeraye suka yi yawa, farar wuta Turawa ke ƙonawa. A toshe ko'ina, a bar hayaƙin ya yi aikinsa. Ɓera fa, mai ƙashi da jini. Balle ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Washegari sai shara. O ti tan, magana ta ƙare."

Baba ya aika kasuwa aka sayo farar wuta, dunƙule-dunƙule, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Na tambayi dalilin da ya sa ake ce mata fara, aka ce in je in yi karatuna.

Da komai ya tafi daidai, ba don Kaka ba. Kaka mahaifiyar Baba ce, kuma shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Ko da gwiwarsu na gugar juna a tabarma ɗaya, sai ta nemi wanda za ta aika. Tun da na yi wayo ni ce 'yar aiken.

Ta fito da sandarta ta tarar da Baba da Kuku suna kwaɓa laka a ƙofar ɗakin. Ta dube ni.

"Ke 'yar boko, tambayi mutumin nan, ya sanar da masu ɗakin?"

Na juya na ce, "Baba, wai ka sanar da masu ɗakin?"

"Iya, ni ne mai ɗakin."

"Gaya masa shi ya gina, amma ba shi ke kwana a ciki ba. Ko maciji aka gani a ɗaka, sai an yi masa gargaɗi kafin a ɗaga sanda, don ba a san wanda ya ari fatarsa ba. Ubana soja ne, ba malami ba, amma ko shi ya ce ba su taɓa faɗa wa gari ba sai sun tura manzo. Gaya masa ba a gidana za a turnuƙe bayin Allah suna tsakiyar cin abinci ba."

Na fara maimaitawa, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya san uwarsa. Ya goge lakar hannunsa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya ya ce, "To, ku fita."

Kaka ta yi tsaki. "Tambaye shi, a ina aka haifi ƙwarin nan?"

"A gona, Iya."

"Tambaye shi, gonar wa?"

Kaka ta ba kanta amsa, tana kallona.

"Gonar Yarabawa. Uwarsu Bayarabiya, ubansu Bayarabe, jiya-jiya aka kawo su cikin kwando. Yaushe suka koyi Hausa?"

Ina tsammanin Kuku zai goyi bayan amininsa, sai na ga yana gyaɗa kai. "Iya ta yi gaskiya o. Kuma tunda maganin na Turawa ne, a jirgi da Turanci ake sanarwa. Idan ba a yi da Turanci ba, ban ɗauki alhakin ko zai ci ba."

Baba na jin Yarabanci kamar ruwa, amma ya ce shi da gemunsa ba zai tsaya yana roƙon tsutsa ba. Turancin Kuku kuwa, in ji Kaka, na zagin yaran kicin ne. Sai duk suka juyo suka dube ni.

Aka kwance bakin huhunan, aka buɗe ganye, na shiga. Kaka ta tsaya a ƙofa tana ba da umarni.

"Ba a fara magana da baƙo sai an gaisa. Durƙusa."

Na durƙusa a kan simintin mai sanyi. Goron ya kewaye ni, ja wur, yana ƙyalli a ɗan hasken da ke shigowa. Da Hausa na fara. Na yi masu sallama, na tambaye su gajiya, na ce maigidan ya gode da ziyara amma yana da uzuri, gobe da safe za a sa hayaƙi, duk mai son ransa ya tattara iyalinsa. Sannan na koma Yarabanci, wanda ya fi ɗaukar lokaci, don Yarabawa suna da gaisuwa ga kowane hali. Na yi masu sannu da zama, sannu da duhu, sannu da cin abinci, sannu da rainon 'ya'ya. Da na zo Turanci sai na rasa kalmomi, in ban da irin waɗanda shugabar makarantarmu ke faɗa ranar ba da hutu. Saboda haka na ce masu su koma gida lafiya, su yi wa iyayensu biyayya, kada su manta da tsabta.

Da na yi shiru sai na ji wani ɗan sauti, ƙas-ƙas-ƙas, siriri kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Suna ci ne. Na tuna cewa kowace tsutsa a cikin goronta aka haife ta, bangon ɗakinta shi ne abincinta, ba ta taɓa ganin rana ba, ba ta san akwai wani gari wai shi Kano inda ake zagin wani saboda ita ba.

"Me suka ce?" in ji Kaka da na fito.

"Ba su ce komai ba."

"To, suna shawara. Gaya wa mutumin nan, wanda aka ce ya fita sai a bar masa ƙofa."

A kan wannan aka kai ruwa rana. Kuku ya rantse ko hudar allura aka bari aikin ya ɓaci. Kaka ta ce in tambaye shi ko a jirginsu haka ake yi, a ce wa mutum ya gudu sannan a kulle shi. Ƙarshe aka yanko guntun gora aka fasa gaɓoɓinta, aka zura ta ƙarƙashin ƙofa, baki ɗaya a ɗaka, ɗaya a tsakar gida.

Washegari da hantsi aka hura gawayi a kasake. Kafin a shiga da su sai ga Baba da ƙwarya cike da ruwa, yana bin huhunan yana yayyafawa, har ruwa na ɗiga a ƙasa.

"Oga, me kake yi? A jirgi ba ma jiƙa komai."

"A jirgi ɓera kuke kashewa. Wannan goro ne. In rufe shi har gobe da ƙishirwa, ga wuta a kusa? Ka taɓa ganin an yi wa goro haka?"

Ya ƙaro wata ƙwaryar. Goro a wurin Baba kamar jariri yake, kuma babu wanda ya isa ya hana shi shayar da shi.

Aka zuba farar wutar a garwashi. Ta narke, ta kama da wata 'yar wuta shuɗiya mai kyan gaske, irin shuɗin da ban taɓa gani a zane ko a sama ba. Na matsa in ƙara kallo, sai warin ya shaƙe ni kamar an cusa mini ashana dubu a hanci. Aka ja ƙofa, aka liƙe ta da laka da tsumma, aka toshe taga.

Kaka ta sa aka kawo mata kujera 'yar tsugunno gaban bakin gorar, ni kuma ta zaunar da ni kusa da ita, wai ko wani zai fito da tambaya. Abin da ya fara fitowa hayaƙi ne, siriri, yana bin ƙasa. Ya ratsa tsakar gida ya shiga madafa, muka ji innarmu tana tari tana salati. Ya haura katanga, maƙwabta suka fara tambayar wa ya mutu bai sanar ba. Kuku ya cire hularsa zai cusa a gorar, Kaka ta ɗora masa sanda a wuyan hannu ba tare da ta dube shi ba.

Idanunmu na zubar da hawaye, muna zaune. Can sai Kaka ta damƙe mini cinya.

Ƙwaro ne. Guda ɗaya tak. Ya fito bakin gorar yana tangaɗi, ya tsaya, ya ɗaga dogon bakinsa kamar mai duba yanayin gari. Ban san lokacin da na ce masa sannu da Yarabanci ba.

"Kin gani?" in ji Kaka. "Wannan ya ji magana. Gaya wa mutumin nan ya zo ya ga mai hankali."

Ƙwaron ya sauko ƙasa, ya kama hanyar gindin mangwaro. Bai yi nisa ba wata kazarmu mai wake-wake, wadda tun safe take kai-kawo tana kallonmu da ido ɗaya, ta miƙo wuya ta cafke shi.

Ban taɓa ganin Kaka ta miƙe da sauri haka ba. "Amana! An ci amana a gidana! Mu muka ce ya fito!" Ta bi kazar da sanda, kazar ta haye rufin madafa. Kaka ta manta da kunyar ɗan fari, ta juya ta dubi Baba ido cikin ido, abin da aka ce rabonta da yi tun yana goye, ta ce, "Kai! Kamo ta!"

Baba ya daskare. Ina jin daɗin da ya ji ya fi ƙarfin tarin da yake yi, don da rawar jiki ya nemo tsani. Aka kamo kazar, aka ɗaure ta a turmi, Kaka ta yi mata faɗa mai tsawo, da Hausa, tunda ita a gidan aka ƙyanƙyashe ta. Muka koma gadin gora har azahar. Babu wanda ya sake fitowa. Kaka ta ce ai dole, labari ya kai wa sauran ƙwarin. Da kanta ta ba Kuku izinin toshewa, ta shige ɗaki ba ta ci abincin rana ba.

Da gari ya waye aka farfasa lakar, aka bar ƙofa a buɗe har warin ya rage. Baba ne ya fara shiga. Da ya daɗe bai fito ba, sai na bi shi.

Ƙwari kam sun mutu, ga su nan birjik a ƙasa kamar an watsar da kanumfari. Amma jan goron nan babu shi. Hayaƙin ya haɗu da ruwan da Baba ya yayyafa, ya cinye launin. Bai zama farin goro ba, da ma an ce an ci riba. Ya koma wani irin fari-fari mai dabbare-dabbare, kamar tafin hannun mai wanki, kamar wata idan ya makara har rana ta same shi. Ni dai ya ba ni sha'awa, amma na ga ba lokacin faɗa ba ne.

Baba ya ɓare ɗaya. Tsutsar ciki ta sandare. Ya ɓare wani, babu komai. Ya gatsa, ya tauna, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya.

"Yaya, Oga?"

"Ɗanɗana."

Kuku ya gatsa, ya daɗe yana taunawa, hawaye na bin kumatunsa. "To," in ji shi, "ɓerayen dai ba mu taɓa cin su ba, balle in san yadda suke komawa."

Aka wanke goron, aka sake wankewa, aka canza ganye. Launi bai dawo ba, ɗanɗanon ashana bai tafi ba. Tarago na jira a tasha, kuma babu wani goron. Baba ya ce gara a ce kayansa sun yi fari da a ce ya kasa aikawa. Aka ɗaure, aka loda. Dattijo mai rakiya ya leƙa taragon, ya shaƙa, ya nemi a bar masa ƙofa a buɗe har Kano.

Kwanakin da suka biyo baya, duk jirgin da ya yi kuka daga arewa sai Baba ya miƙe ya leƙa waje. Ya rame. Sallah ta zo ta wuce, ko ɗinkinsa bai karɓo ba.

Ran da dattijon ya dawo, Baba da kansa ya kai masa tuwo, ya zauna yana kallon kowace loma. Ni kuma na riƙe butar wanke hannu na ƙi tafiya. Aka ci, aka wanke, aka nemo tsinke.

"Maigida, maganar sankara ta mutu. An ɓare a gaban jama'a, ko motsi babu. Wanda ya yi maka ba'ar nan ma ya zo ya duba, ya tafi cikin kunya."

Baba ya sauke numfashi, ya shafa fuska. "Alhamdu lillahi. An ci?"

"A'a, ba ya ciwuwa. Wani ango ya kai gidan surukai, aka dawo masa da shi."

"To ina kayan?"

"Sun ƙare tas." Dattijon ya juya tsinkensa. "Wata tsohuwa ce ta shinshina, ta ce ai wannan warin maganin ƙazuwa ne. Ta saya ta daka, ta shafa wa jikanta. Ko ya warke ko bai warke ba, Allah masani, amma kafin la'asar layi ya kai bakin titi. Yanzu a kasuwa ba wanda ke ce maka mai sankara. Bokan Agege suke cewa. Wai a gaya maka ka ƙaro, kuma ka ƙara masa ƙarfi."

Na ga wuyan Baba ya kumbura. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa.

"Boka? Ni? Ubana goro ya sayar, kakana goro ya ɗauko a ka tun babu jirgi! Malam, ka koma ka gaya masu ni ɗan kasuwa ne. Goro nake sayarwa, na ci, wanda ake kai wa surukai. Daga yau da hannu za a tsince kayana ɗaya bayan ɗaya, ko za mu shekara muna yi. Kada wanda ya sake kawo mini maganar hayaƙi a gidan nan!"

"Zan faɗa, Maigida."

Dattijon ya tattara rigarsa kamar zai tashi, sai kuma ya tsaya yana sosa gwiwar hannu.

"Sai dai ban sani ba ko akwai ragowa a ɗaka. Ƙaramin ɗana ne, duk jikinsa ya feso."

A gidanmu ba a taɓa hana baƙo goro ba, kowane iri ne. Baba ya ɗauki ƙwarya ya nufi ɗakin, muna jin sa yana tona kwandon ragowar da ya ɓoye a bayan ƙofa, yana zaɓen manya-manyan.